Yarinyar da ke cikin kwale-kwale

Jidda, Agusta 2004

Yaya Fassuma,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina a Tasawa?

Ni lafiya lau, ina nan ina shara a ƙaramin asibitin nan na Ruwais. Iƙamata, wato takardar izinin zama, tana hannun kafili, ubangidan da ya tsaya mini, har yanzu, shi ya sa ba na fita, amma kada Inna ta ji.

Yaya, na ga abin mamaki. Akwai wata nas 'yar ƙasar Romaniya, mai suna Biyorika. Shekaranjiya ta fizge tsintsiyata ta ce, "Yalla Salamatu, zo ki ga 'yata!" Ashe wasannin Olamfik ake nunawa a talabijin. 'Yan mata ne ƙarfafa ke tsere a siririn kwale-kwale, kuma duk sun juya wa inda za su baya! Na ce, "To, wa ke ganin hanya?" Ta yi dariya, ta ce wata 'yar ƙarama ce ke zaune tana kallon gaba tana yi musu tsawa.

Da aka nuno fuskar 'yar Biyorika a cikin kwale-kwalen, sai dariyar ta tsaya. Ta dafa gilashin talabijin ɗin ta ce, "Ta yanke gashinta, ba wanda ya gaya mini." Shekara uku rabonta da ita. Ni ban ma san wa ya ci tseren ba.

Don Allah ki kai 'yata Barira a ɗauke ta hoto, a tsaye, babu kallabi. Ki ba mai tahowa umra. Ina so in ga kitson da ke kanta yanzu.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Salamatu