Faifan Baba da Jirgin Balan-balan

Gwammaja, Kano.

Zuwa ga Yaya Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Zainab da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarmu Ya Kaka ta yi sauƙi har tana salla a tsaye, 'yan biyuna Hasana da Husaina kuma sun shiga aji huɗu.

Yaya, na yi ta ɗaukar waya ina ajiyewa, bakina ya yi nauyi, shi ya sa na koma takarda. Maganar faifan karatun marigayi Baba ce, wanda ka ce a ba Ɗanbaba direba ya taho maka da shi don yaranka su ji muryar kakansu. Ka san shi kaɗai ne, ba mu da wani. To, ni na lalata shi da hannuna.

Ranar Asabar 'yan biyu suka ishe ni da aikin makaranta, wai a haɗa jirgin da ke tafiya a kan iska. Tsohon faifan CD ake samu, a huda murfin robar ruwa da ƙusa, a manne shi da gam a kan ramin tsakiya, sannan a hura balan-balan a saƙala a murfin. Iska na fita ta ƙasa, sai faifan ya yi ta sulɓi. Ni kuwa ka san ni da rawar kai, na ce ba sai an jira babansu ba. Na buɗe akwatin Ya Kaka na tarar da faya-fayai, kowanne da rubutu, sai guda ɗaya fari fat. Na ce wanda ba shi da suna ai ba shi da amfani. Shaf na manta Baba ne da kansa ya hana a rubuta sunan sura a jikinsa, don kada hannu marar alwala ya taɓa.

Jirgi kam ya yi kyau. Ya dinga shawagi a simintin tsakar gida, yaran maƙwabta suka cika mu da ihu, har ni na tura shi da ƙafa. Da ƙafa fa, Yaya! Ya Kaka ta fito tana dariya, ta tambayi inda na samo faifan. Ina faɗa sai ta yi salati, ta sunkuya ta ɗauke shi, ta goge da bakin mayafinta, ta shige ɗaki da muryar mijinta a hannu. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma da-na-sani ƙeya ce.

Na kai wa mai gyaran kwamfuta, ya ce siminti ya kankare karatun duka, farkon kawai ya iya cetowa. A ciki Baba yana gyaran murya, ya tambaya ko na'urar ta fara ɗauka, sannan ya ce a kira Abdulbaƙi ya zauna kusa ya riƙe masa, in ya yi tuntuɓe ya gyara masa. Daga nan sai ƙara. Ya Kaka ta saurara, ta share ido, ta ce in gaya maka tunda kai ya kira, ka zo da salla ka karanta da irin muryarsa a ɗauka. Wannan karon sai a raba wa kowa nasa.

Ka yafe mini don Allah. Ka gaishe da Anti Zainab, da Anas, da Nana Hauwa. Husaina ta ce in tambaye ka ko Baba zai yi fushi da ita a can. Na ce mata ba ita ta buɗe akwatin ba.

Ƙanwarka mai jin kunyarka,
Bahijja