A Bar Ni In Shiga Jirgin Nilu Ni Kaɗai

Zuwa ga Mai Girma Daraktan kamfanin tafiye-tafiye da ke bayan babbar kasuwar Garwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Na rubuto a fili ne saboda sau huɗu ina zuwa ofishinku ba a bari na gan ka ba.

Sunana Hajiya Maimuna, mai sayar da atamfa. Mijina, Alhaji Sale, ya yi ƙuruciyarsa yana awon kaya a tashar jiragen ruwa ta kogin Binuwai, zamanin da manyan jirage ke hawowa da damina. Ya loda musu auduga da gyaɗa shekara da shekaru, bai taɓa tafiya a ko ɗaya ba. Shi ya sa bara muka yi rajista da ku: kwana biyar a kogin Nilu, daga Luksor zuwa Aswan. Saura wata biyu mu tashi, Allah ya karɓi abinsa. Kun ɗage tafiyar har na fita takaba, na gode.

Ga kukana.

Na ɗaya, sau biyu ina kai takardar shaidar rasuwarsa. Duk da haka magatakardarku ta ce ba a cire suna daga dosiye, wato takardun rajistarmu, sai mai sunan ya sa hannu.

Na biyu, kowace Litinin saƙonku yana shigowa wayata, ana gaishe mu mu biyu, ana tambayar abincin da Alhaji ya fi so. Ni kaɗai nake karantawa a tsakar gida. Miyar kuka yake so, in har akwai inda za ku rubuta.

Na uku, an ce mai shekaruna ba ta tafiya sai da ɗan rakiya. 'Yata tana aure a Duwala da jariri, ɗana yana aiki a Kuseri, sai da salla nake ganinsa. Shekara talatin ina zuwa Kano saro kaya ba ɗan rakiya. Ba ni da wanda zan kawo muku.

Roƙona, ranka ya daɗe: a cire sunansa da mutunci, a tsayar da saƙonnin nan, a bar ni in tafi. Kada a sa min baƙuwa a ɗakin da muka kama a jirgin. Gadon na biyu a bar shi yadda yake.

Allah ya yi wa kasuwancinka albarka, ya ja kwanan iyalinka, kada ya nuna maka gidan da ba mai amsa sallama.

Wassalam.

Hajiya Maimuna,
Garwa.