Kujerar Sau-Lan a London

London, 9 ga Janairu

Yaya Sau-Lan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba. Matata Moira tana gaishe ku. Tunda kin ce Baba yana kasa kunne duk lokacin da waya ta yi ƙara, ga ni na koma biro da takarda kamar ɗan firamare. Turanci dai ba ya karantawa, in ya tambaya ki ce takardar 'yan wuta ce.

Albishirinki! Na samo mana tebur a gidan abincin nan Sap-Yi, ranar Asabar sha tara ga Afrilu, ranar da Baba zai cika shekara tamanin. Kin san wurin, ba jaridar da ba ta yabe shi ba. Teburansu goma sha biyu ne kacal, mutane sai su yi wata shida suna jira. Abinci kala goma sha huɗu ake kawowa ɗaya bayan ɗaya, kowane bai wuce loma biyu ba. Na san abin da Baba zai ce: "Wannan abinci ne ko maganin asibiti?" Ya faɗa. Ni dai ina so sau ɗaya a rayuwarsa ya zauna wani ya dafa ya kawo masa. Shekara arba'in da biyar yana soya wa mutanen Morecambe shinkafa da dankali.

Mu huɗu ne: Baba, ke, ni da Moira. Ki rufe shago Asabar da Lahadi, ki taho da shi ta jirgin ƙasa. Sannan ki cike takardar da na saka a ambulan, suna so su san abin da ba ya ci.

Af, na manta. Mai wurin ai Yuk-Ying ce, wadda kuka yi makarantar koyon girki tare. Kin tuna ta? Mai dariyar nan kamar kwano ya faɗi.

Ƙaninki,
Ka-Ming


Morecambe, 20 ga Janairu

Ka-Ming,

Wasiƙarka ta iso, muna lafiya. Ka gaida Moira.

Na cike takardar. Ba ya cin abu mai tauri, haƙora shida suka rage masa, kai ne likitan haƙori, ka fi ni sani. Ba ya cin ɗanye. Ba ya cin abin da bai ga hannun da ya dafa ba, amma ba su bar wa wannan gurbi a takardar ba.

Maganar rufe shago, na ɗan taɓa masa ita. Ya ce, "Wa ya mutu?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To don me za a rufe ranar Asabar?" Ka manta ko ranar da muka binne Mama, ƙarfe biyar na yi ya buɗe ƙofa ya kunna wuta?

Ga shawarata. Ku je kai da Moira ku ci lomominku, ku turo mana hoto. Ranar Lahadi ku zo nan in gasa agwagwa mu ci a saman shago. Ni ba inda zan je.

Na tuna Yuk-Ying. Ba sai ka tuna mini ba.

Huɗu ta yi, albasa tana jira na.

Yayarka,
Sau-Lan


London, 2 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman inda kika ɓoye dariya, ban samu ba.

To bari in faɗi gaskiya. Ban jira wata shida ba. Yuk-Ying ce ta zo asibitina da ciwon haƙori, ta ga sunan gidanmu a ƙofa. Bakinta cike da auduga ta ce, "Kai ne ƙanin Lan, mai majinar nan?" A gaban ma'aikatana, Yaya! Da na gama mata ta ce ta ba ni tebur, amma da sharaɗi: in ba ki zo ba, kada mu ma mu zo.

Ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Wai a makaranta ke ce ta ɗaya, ita ta biyu. Wai tare kuka samu aiki a wani babban gidan abinci a nan London, kuka sa ranar tahowa, ta jira ki a tasha har jirgi biyu suka wuce, ba ki zo ba. Ta rubuto miki sau uku ba amsa. Me ya faru? Ni duk zatona ke kika zaɓi shago.

Akwai kuma wata magana. Mun gyara ɗakin ƙasa a gidanmu, ba hawa bene. Ina so Baba ya dawo wurinmu, a sayar da shagon, ke ma ki huta. Na yi niyyar in faɗa masa a wurin cin abincin, bayan ya ƙoshi ransa ya yi fari. Kada ki yi mini faɗa, ki yi tunani tukuna.

Naki,
Ka-Ming


Morecambe, 11 ga Fabrairu

Ka-Ming,

Ina amsawa. Faɗa kuwa zan yi. Wato za ka ba tsoho loma ashirin da takwas, sannan ka ƙwace masa shago a gaban baƙi, inda kunya ba za ta bar shi ya ɗaga murya ba? A jami'a aka koya maka wannan?

Ka tambayi abin da ya faru. Shekara ashirin da biyu ke nan. Na haɗa akwatina, wuƙaƙena a naɗe a tawul. Da safen ranar Mama ta kira ni bayan firji, ta ɗora hannuna a ƙirjinta na ji ƙullin. Likita ya riga ya gaya mata ciwon daji ne, ba ta gaya wa Baba ba. Ta ce, "Ming yana jarrabawa, kada ya sani. Babanki kuwa ko odar waya ba ya iya ɗauka da Turanci. Ki tsaya shekara ɗaya." Ta yi wata goma sha huɗu. Kwana biyu kafin ta rasu ta riƙe hannuna ta ce kada in bar shi shi kaɗai. Na ce to. Ba wanda ya ɗaure ni, da bakina na ce to.

Wasiƙun Yuk-Ying suna nan. Na rasa abin da zan rubuta ne, da aka daɗe kuma sai kunya.

Yanzu ga abin da na ɓoye maka. Baba ya fara mantuwa, ba irin ta tsufa kawai ba. Tun bara. Sau biyu yana barin gas a kunne. Rabin yini Fung yake kira na, sunan Mama. Makon jiya ya dube ni ya ce, "Fung, yaran sun dawo daga makaranta?" Na ce, "Baba, ni ce Lan." Ya ce, "Ƙarya kike, Lan yarinya ce," ya fashe da kuka. Tun daga nan na daina gyara masa. In na kai shi asibiti, titi biyu kacal, sai ya yi ta tambaya wane gari ne wannan. Amma ka zaunar da shi a kujerarsa ta bakin kicin, daga ƙarar mai kawai zai ce maka, "Bai yi zafi ba, jira." Kuma gaskiyarsa ne. A shagon nan kaɗai ya san ko shi wane ne. Ka kai shi London, a jirgi zai ɓace maka alhali yana zaune kusa da kai.

Kada ka ɗauka shi kaɗai ne. Shekarata shida ban fita daga garin nan ba. Ranar Talata da muke hutu na ce bari in gwada, na bar shi da maƙwabciyarmu na je tasha. Lancaster kawai zan je, minti goma, in sha shayi in dawo. Jirgi ya zo, ƙofa ta buɗe a gabana. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ina tsaye ina tunanin ko na kashe gas, ko ya faɗi a bene, har ƙofar ta rufe. Mai duba tikiti ya ce, "Lafiya, baiwar Allah?" Na ce ƙawata nake jira.

Ka ce in huta. In ka sayar da shagon, ina zan sa kaina? Shekarata arba'in da shida, abinci sittin da biyu na allon bango na iya, kowane da lambarsa. Kana so in zauna gaban Yuk-Ying ta tambaye ni me nake dafawa yanzu, in ce mata lamba talatin da ɗaya?

Ka soke teburin.

Sau-Lan


London, 3 ga Maris

Yayata,

Na iso gida lafiya. Na gode da kika bar ni na zo na gani da idona, ko da yake kin ƙi barin mu zauna mu yi magana.

Kina kicin lokacin da na shigo, ba ki gani ba. Baba yana bayan kanta. Na ce, "Baba." Ya yi mini murmushi ya ce, "Nan za ka ci ko tafiya za ka yi da shi?" Na ce tafiya. Ya naɗe mini dankali, ya ƙara mini kaɗan, wai don na yi kama da ɗansa. A mota na ci. Ban san yadda kika yi shekara guda da wannan ke kaɗai ba, ban kuma san yadda zan nemi gafararki a kan sauran ashirin da ɗayan ba.

Na janye maganar sayar da shago. Baba ba zai zo London ba, na yarda. Amma teburin ban soke ba. Na ɗauki hutun mako guda kafin ranar, zan zo ki koya mini kasko. Ranar Asabar ni zan tsaya, Baba yana kujerarsa yana zagina, shago a buɗe. Ke za ki tafi. Ga tikiti nan a ciki, jirgin sha ɗaya saura kwata, ki canja a Lancaster. Moira za ta tarbe ki. Lahadi ki dawo mu yi masa bikinsa da agwagwarki.

In mutanen Morecambe sun ci ƙonanniyar shinkafa kwana ɗaya, ba za su mutu ba.

Ƙaninki,
Ka-Ming


London, 20 ga Maris

Ke Lan, mai taurin kai,

Ina gaishe ki, ko da yake ba ki cancanta ba. Wannan ce wasiƙata ta huɗu, in ba ki amsa ba zan zo har shagon in yi odar abu mafi wahala a allonku.

Ƙaninki ya gaya mini komai. Da kin faɗa mini a lokacin, shashasha. Na yi shekara goma ina zaton raina ni kika yi.

Ya ce kina tsoron in tambaye ki me kike dafawa. Ba zan tambaya ba. Ni gwiwata ta lalace, aurena ya mutu, 'yata ba ta cin abincina. Mutanen da ke zuwa nan rabinsu hoto suke ɗauka har abincin ya huce. Ina so in dafa wa mutum ɗaya da zai ɗanɗana ya ce mini gishiri ya yi yawa. Duk garin nan ba mai iya faɗa mini, tsorona suke ji.

Na sa miki kujera kusa da kicin, inda za ki ga hannuna. Ƙarfe shida da rabi. Kada ki yi ado, ba wanda zai kalle ki.

Taki har yanzu,
Yuk-Ying


Morecambe, 21 ga Afrilu

Ying,

Gaisuwa da ban haƙuri. Moira ta gaya miki ban zo ba, amma wannan karon da hannuna zan rubuto miki dalili.

Na shiga jirgin. Ming ya kai ni har ƙofa ya tura ni ciki kamar buhun shinkafa. Na sauka a Lancaster, na sayi shayi na zauna a benci. Saura minti shida jirgin London ya iso na ce bari in kira in ji ko ya ci abinci. Ming ya ce, "Komai lafiya, kashe wayar nan ki tafi." Amma ina jin Baba a bayansa yana dukan ƙofa, yana kiran Fung, Fung, yana cewa wani baƙo ya shigo masa kicin. Ming ya ce, "Yaya, don Allah kada ki dawo." Jirgin ya zo, dogo ne, mutane suka shiga. Na tsaya har ya tafi, na haye ɗaya gefen na shiga jirgin komawa gida.

Da na shigo shago Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ya ƙi zama tun fitata. Yana ganina ya saki jiki. Ya ce, "Fung, ina kika shiga? Ina Lan?"

Ming ya yi saurin cewa, "Ta tafi London, Baba," yana kallona, ko zan juya in koma tasha.

Baba ya ce, "Ta tafi? Madalla." Ya kama hannuna ya matso da ni kamar mai faɗin asiri. "Yarinyar nan hannunta ya fi nawa, ya fi naki. Shagon nan ya yi mata kaɗan. Kada ki kira ta, kin ji ko, Fung? Ko ciwo nake yi kada ki kira ta. Ki bar ta can."

Na ce, "Na ji."

Ya koma kujerarsa ya ci kunun shinkafa kwano biyu. Jiya da muka yi masa biki, duk wanda ya shigo sai ya gaya masa 'yarsa tana London tana dafa wa manyan mutane. Ban gyara masa ba. Na koma kicin na kunna wuta.

Ki gaishe mini da 'yarki. Ki rubuto, zan amsa.

Taki,
Lan