Tasnim ko Ajuji

Lahadi, 28 ga Yuli, 2024
Wai Ajuji. Abin da ke cikina ko fitowa bai yi ba, Audi ya riga ya yi masa masauki a kan shara. Mijina ke nan fa, direban ma'aikatan dajin Kamuku, mai takardar sakandare. Ya ce tunda 'ya'yanmu biyu sun koma, na ukun a ajiye shi kan juji a kira shi Ajuji, mutuwa ta ga ba mai so ta wuce. Na ce ashe mutuwar ƙyanƙyami gare ta?

Ni na zaɓi nawa sunan tun cikin yana wata huɗu: Tasnim, marmaro ne a Aljanna. Da na gaya masa sai ya ce, "Aljannar nake gudu, Muslimat. Biyu sun isa can." Maganar banza.

Laraba, 31 ga Yuli
Gwaggo Ma'u, ƙanwar babansa, ta sauka daga Gayam da kanwa da yajin jego da bakinta. Dama na san daga inda iskar ke busowa. Wai sunaye masu daɗin da na sa wa 'ya'yana ne ke jawo ido: Afnan, Muhsin. "Ke 'yar boko, kin yi wa mutuwa talla." Shaidarta wani Bakoji ne na garinsu, uwarsa ta binne biyar, aka ɗora shi kan juji, yau ga shi da jikoki. Na tambaye ta labarin waɗanda aka ɗora suka mutu. Ta ce ba ni da kunya. Shekara tara ina koyar da 'yan aji huɗu wanke hannu, yau a ce in kwantar da jinina inda kaji ke tono!

Talata, 6 ga Agusta
Mace. Da hantsi. Kunnuwan ubanta ta kwaso, baiwar Allah.

Alhamis, 8 ga Agusta
Na fito daga wankan jego na tarar da abin dariya. Audi ne a bayan ɗaki da tsintsiya, yana share jujin. Ya tsince kwalabe, ya zuba yashi, har da sabuwar tabarma ya shimfiɗa. Na ce, "Malam, mutuwar da za ka yaudara, in ta ga sabuwar tabarma ai ta san 'yar gata ce." Gwaggo ma, karo na farko, ta goyi bayana, ta ce ya lalata aikin. Ya tsaya riƙe da tsintsiya kamar wanda ya ɓata a kasuwa. Ko camfin nasa bai iya ba.

Asabar, 10 ga Agusta
Ta ƙi kama nono tun safe. A asibiti sun ce ba komai. Haka suka ce wancan karon ma.

Litinin, 12 ga Agusta
Audi ya sauko. Ya shigo ya ce, "Sa mata abin da kike so, ke kika sha wahalarta." Ya naɗe tabarmarsa. Kwana goma sha biyar yana cika mini kunne, a ƙarshe ya saki cikin minti ɗaya. Namiji ke nan. Da ya yarda da abin da gaske ai da ya tsaya a kai. Haushi ya hana ni cin tuwo, ban ma san haushin mene ne ba.

Talata, 13 ga Agusta
Liman ya raɗa Tasnim. An yanka rago. Na ci nasara. Mata sai yaba sunan suke, kowa ta ɗauke ta sai ta ce kai, yarinya tubarkalla, suna tubarkalla. Na ji kamar in toshe musu baki. Gwaggo ta koma Gayam ba sallama.

Asabar, 17 ga Agusta
Kwananta goma sha biyu yau. Iyakar kwanakin Afnan ke nan.

Audi ya tafi aiki. Na fita zubar da toka da ita a kafaɗa, hannuna ya gaji, na ɗan ajiye ta. A kan jujin ne, to, nan ne kusa. Ba tabarma. Ruwan jiya ya jiƙa wurin, ga ɓawon gyaɗa, ga ƙudaje. Na juya mata baya. Ta yi ta tsala kuka, ban waiwaya ba.

Hassana maƙwabciyata ta leƙo ta kan zana. Ba ta tambaye ni komai ba, ita ma ta binne ɗaya. Ta zagayo ta ɗauke ta, ta ce da ƙarfi, "Wa ya yar da wannan? Na tsinci Ajuji!" Na ce, "Ban san ta ba." Allah ya yafe mini.

Camfi ne, har gobe camfi ne, kuma Audi ba zai taɓa ji ba. Na wanke ta da ruwan ɗumi. Ajuji ta sha nono sau huɗu kafin azahar.