Farantin da Ya Zama Zuciya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Mu ma ga mu nan. Baban 'Yar Firit ya koma aiki. Ina cin abinci, sai dai ban san ɗanɗanonsa ba. Saƙonki ya iso, cewa in ajiye komai in taho gida in huta, wai kowa na mamakin yadda tun rasuwar 'yar tawa ban zubar da hawaye ba. Ni ma mamakin nake, Yaya. Ba taurin rai ba ne, kukan ne ya ƙi zuwa. An ce haƙuri maganin zaman duniya, to ina ta sha.

Bari in gaya miki abin da ya riƙe ni, ko da za ki ce kiwon ɓeraye ya taɓa min kai, kamar yadda kika saba tsokanata. Ba ɓeraye nake kiwo ba, ƙwayoyin halitta ne da aka ciro daga tayin ɓera tun bai zama komai ba, muke renonsu a cikin faranti a ɗakin bincike. Kowace za ta iya zama ƙashi ko jini ko fata, don umarnin gado iri ɗaya ne a cikinsu duka. Idan ƙwaya ta tashi zaɓar abin da za ta zama, sai ta toshe bakin sauran umarnin, ta bar wanda take buƙata yana magana, kuma da kanta ba ta komawa baya. Aikina kullum safe in canza musu ruwan abinci mai sinadarin da ke hana su zaɓa.

Da muka kwanta asibiti da yarinyar na bar wa abokin aikina su, wani dogo mai tabarau, bawan Allah mai kirki. To kwalabenmu firij ɗaya suke, ruwan duk ja-ja ne, ashe nasa ya riƙa zuba musu, wanda babu sinadarin. Ran da na dawo ya tare ni a ƙofa yana ta ba da haƙuri. Na ce ba komai, kuma wallahi ban ji komai ba. Na ɗora farantin a ƙarƙashin madubin ƙara girma na leƙa. A gefe guda wani ɗan curi ya zama tsokar zuciya. Bugawa yake, Yaya, daidai wa daida, ba tsallake, irin bugun da muka yi ta roƙon likitoci su samo wa zuciyar yarinyar.

Shugabar ɗakinmu ta ce aikin gama ya gama, in zuba wa farantin bilic in narko sababbi daga daskararrun da muka ajiye. Gaskiyarta ce, na kuma ce to. Amma na tura shi can ƙuryar akwatin ɗumi, bayan na kowa. Kullum ina canza masa ruwa, in ja kujera in zauna in kalla. Irinsu ba sa daɗewa, 'yan makonni ne.

Don haka kada ki gyara min ɗaki tukuna. Ki gaida Inna da Kawu da Gwaggo, da autarki mai surutu. Ranar da na leƙa na ga ya tsaya zan kama hanya. Tata a ɗakin tiyata ta tsaya, ina waje a kan benci riƙe da takalmanta. Wannan karon ina so a yi a kan idona.

Taki har kullum,
Ƙanwarki