Idon Raga a Bakin Tsaga

Anti, don Allah ki ba ni shawara, abin nan ya hana ni sakat.

Ni injiniyan man fetur ne, shekarata ashirin da shida ina aiki. Kafin a haƙa rijiya, mukan zana dutsen da man yake kwance a cikinsa a kwamfuta, mu shimfiɗa masa raga, kwamfutar ta bi ido-ido tana lissafa yadda mai da ruwa za su ratsa. Ni tun fil'azal manyan idanu nake yi, duk girma ɗaya, don lissafi ya kammala kafin shayina ya huce.

To akwai wata injiniya da ni na koya mata aikin, Uwar Tambaya muke ce mata. Sai ta je ta tsuke idanun ragar a gefen tsagogin dutsen, inda ruwa ke bi a guje. Lissafina ya ce sai bayan shekara bakwai ruwa zai cinye rijiyar, nata ya ce biyu. A ɗakin taro, gaban mutum tara, na ce ta daina wasan yara. Ta naɗe wayar kwamfutarta ta fita.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da aka tafi cin abincin rana na gwada salonta a ɓoye. Lissafi ya ba ni shekara biyu da rabi. Na ƙara tsukewa, uku. Wallahi na manta rabon da aiki ya ba ni sha'awa haka, har matata ta kama ni ina zana raga a bayan kwalin magani. Ran Litinin za a tsayar da wurin rijiyar bisa lissafina, ita kuma na ji tana neman canjin sashe. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ina mutuwar son sanin inda lambar nan za ta tsaya. Ya zan yi?

Injiniya mai furfura

Malam Injiniya,

Ka sa ni ma na ƙagu, har na kira ƙanena da ke irin aikinku. Ya ce akan yi ta tsukewa ne har amsa ta daina motsi, kuma idanun su riƙa girma a hankali, kada ƙarami ya jingina da ƙato. Ke nan biyun ɗalibarka ma ba ta gama zama ba. Manyan idanunka kuwa ba wauta ba ne, suna da amfani inda dutse ba shi da tsaga. Amma bakwai ɗinka ta faɗi, kai ma ka sani.

Gobe da safe ka kai mata abin da ka samu, ku ƙarasa gwajin tare, ka nemi a ɗaga ranar yanke shawara. Haƙuri kuma ka ba ta shi a bainar jama'a, ba a lungun matakala ba. Furfurarka ba za ta zube ba. In kuwa ka yi shiru Litinin ta wuce, za ka rasa rijiya, ka rasa ɗalibarka, kuma kai kaɗai za ka san dalili.

Allah ya ba ka ƙwarin gwiwa, ya sa ta saurare ka.