Zuwa ga Ishaku, Wanda Ya Sare Hannun Mai Auren Mangwaro

Zuwa ga jikana Ishaku, a duk inda wannan takarda ta same ka.

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan, in dai za a kira wannan zama lafiya. Ban san garin da kake ba. Wani direba ya ce ya hango ka a Jos kana dakon buhu, wani ya ce a Makurɗi ne. Don haka na rubuta uku, na raba wa direbobi a tashar Lafiya. Na san za su buɗe a hanya. Su karanta, abin da ya faru ba a ɗaki ya faru ba.

Angona, wata biyar ke nan da ka gudu ka bar amaryarka, ko takardar saki ba ka ajiye mini ba. Ni da na yi maka kitson wasa kana rarrafe, na tauna maka doya na sa a baki. Aji uku kawai na yi a makarantar mishan, hannuna kamar tafiyar kaza a taɓo, amma za ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ka tuna mai wa'azin nan mai jakar fata, wanda ya zo ƙauyenmu na hanyar Assakio lokacin da tsohon fasto yake kwance? Shi ya gaya muku kakanninmu daga gabas suka fito, kuma tunda muna kaciya tun kafin zuwan Turawa, mu ne Isra'ilawan da suka ɓace, mu ne zaɓaɓɓun Allah. Mutanen hayin kogi kuwa, da suka zo noman doya muka zauna tare shekara da shekaru, wai su al'ummai ne, rabonsu sai abin da ya faɗo daga tebur. Na lura wa'azin ya fi daɗi a kunnen waɗanda gonarsu ke iyaka da ta baƙin.

Ka dawo gida ran nan kana taku ɗaiɗai, ka ce mini kai Bayahude ne. Na ce to sannu Bayahude, ga gafiyar da ka kamo jiya na dafa, in zubar, tunda Bayahude ba ya cin ta? Ka ci, har ka tanɗe tukunya.

Da abin ya tsaya a baki, da dariya muka sha. Sai ya taɓa kofi. Tun da aka gina cocinmu, kofi ɗaya ne na ƙarfe a jibin Ubangiji. A zuba zoɓo, ya bi baki baki, daga bencin gaba har na baya, mai tari da mai giɓi duk su kurɓa. Mutumin nan ya sayo na roba, ja, ya ce wannan na baƙi ne.

Ran Lahadin, Baba Bitrus ya miƙa hannu ya ɗauki na ƙarfen, yadda ya saba tun kafin a haifi ubanka. Baba Bitrus fa, ɗan hayin kogi, wanda duk mangwaro mai daɗi da ka taɓa sata a ƙauyen nan hannunsa ne ya manna masa reshe, ya yi masa aure. Kai ka tashi ka doke kofin. Zoɓo ya wanke farar rigarsa, na ce a raina kamar jini. Ashe jinin na tafe.

Benci ya karye a kan ɗan Baba Bitrus na fari, na ga haƙora biyu a kan siminti. Tulun da muke kiɗa da shi a zumuntar mata, a kan wata mai goyo aka fasa shi. Wani ya fita ya buga ƙarfen tayar da muke ƙararrawa da shi, mutane suka shigo da fartanya da taɓarya, ba wanda ya tambayi me aka yi. Ni ma ba zan wanke kaina ba, na kwaɗa wa kawunka littafin waƙoƙi a ƙeya, kuma har yau ban yi nadama ba.

Washegari da rana tsaka kuka tafi lambunsa, ku goma sha. Kuka cinna wa rumbun doyarsa wuta, kwana uku ƙauyen na warin gasasshiyar doya ba mai iya ci. Kuka bi itatuwa ɗaya bayan ɗaya da adda da gatari. Ina bayanku ina kiran sunanka, zanina na kwancewa, ba ka waiwayo ba. Da kuka kai ga babban, tsohon ya ɗora hannun damansa a jikin itacen, daidai inda adda za ta sauka. Ka ga hannun, Ishaku. Ina wurin, na ga ka gan shi. Ka sauke addar a kansa.

Yatsu uku suka faɗi cikin ganye. Ni na tsince su, na ƙulle a ɗankwalina, na riƙe a cinya cikin bayan motar fikof har asibiti a Lafiya, jininsa na bin ƙafata. Ma'aikaciyar ta kwance ɗankwalin, ta duba, ta mayar ta ƙulle, ta miƙo mini.

Abin da ba ka tsaya ka gani ba, bari in gaya maka. 'Ya'yansa sun rama. Sun ƙone ɗakin ubanka, sun tsaga bayan kawunka daga kafaɗa zuwa ƙugu. Luka maƙeri, da ya shiga tsakani hannu sake, mashi ya same shi a ciki, ya mutu a bakin rijiya yana neman ruwa. Har yau kowane ɓangare na cewa ba mashinsu ba ne. Mai jakar fata kuwa ya hau motar farko ran Talata. Jakarsa ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Yanzu maganar zaɓaɓɓu, tunda a kanta ka sare mutum. Ni ba fasto ba ce, amma na zauna a bencin nan shekara arba'in ba barci nake ba. Littafi ya kwatanta jama'ar Allah da itacen zaitun. Saiwar ta Yahudawa ce, ba mai ƙwace musu, Allah bai fasa alkawarinsa ba. Sauran mutanen duniya rassan jeji ne da aka yanko aka manna a jiki, ruwa ɗaya suke sha daga saiwa ɗaya. Itace ɗaya, ba biyu ba. To ko da maganar mai jaka gaskiya ce, ko da kakanka na goma daga Urushalima ya taho da ƙafa, ina aka ce ka sare reshen da Mai lambu ya manna da hannunsa?

Baba Bitrus yakan yi dariya duk ranar da aka karanta wurin nan. Yakan ce ba manomin da ke irin wannan aure. Mu reshe mai daɗi muke ɗorawa a kan ɗan jeji, shi kuwa Allah ɗan jeji ya ɗauko ya ɗora a kan mai daɗi. Yakan ce wannan ba noma ba ne, jinƙai ne.

Kuma tunda kana son lissafin kakanni, uwata 'yar hayin kogi ce. Shekarar fara aka kawo ta nan a goye. Kowa ya sani, kai ne ba ka taɓa tambaya ba. Wannan dogon wuyan naka da 'yan mata ke yaba, nata ne. Wane kofi za ka sha da shi, angona?

Ga dalilin takardata. Kututturan da kuka bari sun tsiro. Amma kun sare su ƙasa da mahaɗin auren, don haka abin da ke fitowa ɗan jeji ne, mai tsami da zare. Sai an sake musu aure da farkon damina, in an wuce lokacin sai baɗi, tsohon kuma ba ya ganin zai kai baɗi. Aikin na hannu biyu ne: a fere reshe, a tsaga uwar, a cusa, a riƙe da ɗaya, a naɗe da leda da ɗayan. Na same shi ran Juma'a yana gwadawa da haƙori. Reshen ya suɓuce sau huɗu. A na biyar tsohon ya zauna a ƙasa.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ya yafe ba. Na tambaye shi, ya ce bai kai nan ba tukuna. Abin da ya ce shi ne, hannun da ya ɗauke masa yatsu shi zai zo ya ɗaure masa leda, in an gama sai a ga abin da ya kama. Ya tara 'ya'yansa a gabana ya sa sun ɗaga hannu cewa ba mai taɓa ka a cikin lambun. Bayan lambun ban sani ba. Maganar hukuma ma tana nan, ba ta mutu ba, kuma zan raka ka da ƙafata. Ina jin tsoro, Ishaku, ba zan ɓoye ba. Amma na fi tsoron ka tsufa a tasha da wannan abu a ƙirjinka.

Wurin da ya yi maganar zaitun ya kuma ce reshen da aka karya, Allah na iya mayar da shi. Na sa sabon fasto ya karanta mini sau biyu don in tabbata.

An gyara kofin ƙarfen, amma lanƙwasar da ka yi masa tana nan a baki, kowa leɓensa na taɓa ta. Na robar na ɗauke, ina ba kaji ruwa da shi.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Allah na Ibrahim, wanda ya tuna da mu 'yan jeji, ya sa takardar nan ta riga ruwa isa gare ka. Ya ba ka ƙafar dawowa, ya riƙe hannun masu fushi, ya ji ƙan Luka da marayunsa. Amin.

Na wasa 'yar wuƙar auren, na yanka leda na ajiye a ƙarƙashin tabarmarka. Kada ka zo da adda.

Ni ce matarka ta fari, wadda ba ta karɓi saki ba,
Kakarka Saratu